'Ya'yanmu Da Darasin Adabin Turanci

Duk lokacin da jarrabawar WAEC ta ƙarato, mukan ga 'ya'yanmu na sakandare riƙe da 'yan ƙananan littattafai masu taƙaita labari, suna haddace amsoshi. Littafin da malami ya ce a karanta kuwa yana can cikin akwati. Wasu iyaye ma ba su damu ba, domin a ganinsu labaran dodanni da tsafi ba su dace da gidan Kirista ba. Wannan magana ce ta sa muka ga ya kamata mu zauna mu duba.

Mu ɗauki Things Fall Apart, wanda Chinua Achebe ya wallafa a 1958, aka kuma daɗe ana karanta shi a makarantunmu. Shi Achebe ɗan malamin mishan ne na CMS a Ogidi, saboda haka ya san ikilisiya ciki da waje. Yaron da ya dogara ga hadda zai ce jigon littafin shi ne Turawa sun zo sun rushe al'ada, shi ke nan. Amma wanda ya karanta da natsuwa zai tarar da 'yan mishan biyu masu hali dabam. Brown yakan zauna da dattijo Akunna su tattauna addini, ya kuma gina makaranta da ɗan asibiti. Smith da ya gaje shi mai zafi ne, a zamaninsa Enoch ya tone asirin dodo, mutanen Umuofia suka ƙone majami'a. Zai kuma ga abin da ya ja Nwoye ɗan Okonkwo zuwa ga masu bi: kisan Ikemefuna da kukan tagwayen da ake yarwa a daji sun daɗe suna cin ransa. Ashe marubucin bai wanke kowane ɓangare ba.

A nan ne aikin malamin adabi yake. Ya tambayi ɗalibi: me ya sa Okonkwo ya sa hannu a kisan yaron da ke kiransa uba? Idan ya ce tsoro ne kada a ce masa rago kamar mahaifinsa Unoka, to, ya nuna inda littafin ya faɗi haka. Haka ma wajen rubuta insha'i: a faɗi ra'ayi, a kawo hujja daga littafi, a bayyana yadda hujjar ta tabbatar da ra'ayin. Ra'ayi ba hujja, ai tuwo ne ba miya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. A 2 Sama'ila sura 12, annabi Natan ya ba sarki Dawuda labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci, kafin ya gane kansa ya yanke wa. Ubangijinmu Yesu ma da misalai ya yi ta koyarwa. Yaron da bai iya bin ma'anar labari a aji ba, yaya zai yi da misalin ɗa ɓatacce? Wa zai tsare shi daga mai tsinko aya ɗaya ya juya ta don cikinsa?

Saboda haka muna roƙon iyaye su saya wa yara ainihin littafin, su kuma tambaye su abin da suka gane bayan cin abincin dare. Malamanmu kuma su yi haƙuri da ɗalibi mai yawan tambaya. Allah ya ba 'ya'yanmu fahimi, amin.