Hannatu: Sunan Uwar Da Ta Roƙi Allah Haihuwa

Uwargida, wataƙila kin taɓa zuwa gidan suna aka raɗa wa jaririya Hannatu, sai kika ji wata a gefe tana cewa ai wannan ba sunan Musulmi ba ne. Kafin irin wannan magana ta sa ki fasa sunan da ranki yake so, karanta tarihinsa.

Asalin sunan daga Ibrananci ne, harshen Bani Isra'ila, inda ake cewa Hanna. Ma'anarsa tagomashi, ko alherin da Allah Yake yi wa bawansa. Tushensa ɗaya da kalmar Larabci "hanan", wato tausayi. Ita kuwa "tu" ta ƙarshe daga karatun Larabci muka samo ta, kamar a Hafsatu da A'ishatu. Kada ki haɗa shi da Hana'u, wanda Larabci ne zalla, ma'anarsa jin daɗi.

Mata biyu ne suka ɗaukaka sunan. Ta farko tana cikin littafin Yahudawa da Kiristoci. Ta daɗe ba ta haihu ba, kishiyarta mai 'ya'ya tana yi mata gori. Ta kai kukanta ga Allah, ta yi alwashin ba da ɗan ga hidimarsa, aka ba ta Sama'ila, wanda malamanmu ke kira Shamwilu.

Ta biyu ita ce mahaifiyar Nana Maryam. Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, ya kira ta matar Imrana a aya ta 35 cikin Suratu Ali Imrana. Malaman tafsiri, irin su Ibn Kasir, su suka ce sunanta Hanna. Sun ruwaito cewa ita ma ba ta haihuwa, har wata rana ta ga tsuntsu yana ciyar da ɗansa, sai ta roƙi Allah. Ta yi bakancen abin da ke cikinta, tana sa ran namiji, sai ga mace. Wannan macen ce ta haifi Annabi Isa (AS).

Sunan ya zagaya duniya. Daga gare shi Turawa suka samu Anna da Anne. A Amurka shi ne na 2 a cikin sunayen da aka fi sa wa 'ya'ya mata daga 1998 zuwa 2000. A Arewa kuma Musulmi da Kirista duk suna amsa shi; ga Hannatu Musawa 'yar jihar Katsina, da aka naɗa minista a 2023.

Saboda haka 'yar'uwa, idan wata ta yi miki ƙorafi, tuna mata cewa Ibrahim, Isiyaku, Yakubu da Saratu duk daga gida ɗaya suka fito da Hannatu. Abin da addini ya nema shi ne suna mai kyakkyawar ma'ana. Ke kuma da kike jiran haihuwa, ga labarin mata biyu da suka jira har Allah Ya amsa. Allah Ya ba mu zuri'a ɗayyiba, amin.