Saran Kububuwa: Dalilin Da Ya Sa Ba Kowace Kwalbar Makari Ce Ke Ceton Rai Ba

Garin Yeji da ke bakin tafkin Volta a ƙasar Ghana ba baƙo ba ne ga fatakenmu, musamman masu harkar busasshen kifi da shanu. Sai dai akwai wani abu da ya taɓa faruwa a asibitin garin, wanda ya kamata duk mai saye ko sayar da magani a kasuwannin kan iyaka ya sani. Asibitin ya daɗe yana yi wa waɗanda maciji ya sara allurar wani makarin dafi da ake yi a Faransa, kuma cikin mutum ɗari da aka kawo, masu rasuwa ba su cika biyu ba, wato kashi 1.8 ne. Da aka sauya shi da wani da aka shigo da shi daga Indiya, sai mace-macen suka haura zuwa kashi 12.1 cikin ɗari, kamar yadda rahoton likitocin da aka buga a shekarar 2008 ya nuna. Asibitin shi ne dai na jiya, macijin ma bai canja ba. Kwalbar kawai aka canja. An kuma ga irin haka a kudancin Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya.

Abin mamakin shi ne, ba ruwan gishiri aka ɗura a kwalbar aka yi mata hatimin ƙarya ba. Makari ne na gaske, amma da dafin ɗan'uwan kububuwa na wata ƙasa aka yi shi. Kafin a gane yadda magani zai zama na gaske kuma ya kasa ceton rai, dole sai an san abin da ke cikin dafin kansa.

Dafin maciji ba abu ɗaya ba ne. Haɗi ne na furotin iri-iri masu yawa, kuma da dama daga cikinsu irin waɗanda masana ke kira enzayim ne. Shi enzayim tamkar dillali yake a kasuwa. Ba shi ne mai kaya ba, ba shi ne mai saye ba, amma idan babu shi, cinikin da zai faɗa cikin minti biyar sai ya kwana bai faɗa ba. Idan ya gama da wannan kuma sai ya karkaɗe riga ya nufi wani, ba tare da ya ragu da komai ba. Kowanne da layinsa, dillalin shanu ba ya shiga cinikin hatsi. Jikinmu cike yake da su. Wanda ya taɓa jimawa yana tauna burodi ko dafaffen rogo har ya ji ya fara zaƙi, ya ga aikin wani enzayim da ke cikin yawu. To wannan rashin raguwa da dillalin ke da shi ne ya sa ɗan ɗigon dafi ke iya kayar da ƙaton mutum.

A yankinmu, daga kwarin Binuwai da Gombe da Taraba zuwa arewacin Kamaru da kudancin Chadi da kudancin Nijar da arewacin Ghana, babu macijin da ya kai kububuwa kisa. Gajere ne, launinsa ya saje da ƙasa da busasshen ganye, shi ya sa manomi ko makiyayi ke taka shi bai sani ba, musamman a farkon damina da lokacin girbi. Wasu na yi masa laƙabi da gobe-da-nisa, amma a gaskiya laƙabin ya ɗan yi masa ƙari, kuma a nan haɗarin yake: sau da yawa kububuwa ba ya kisa a ranar. Mutum zai wuni, har ya kwana, ban da kumburi da zugi ba ya jin komai, sai a ɗauka an tsira.

Ga abin da ke gudana a ciki. A jinin ɗan Adam akwai wani furotin mai suna fibrinojin, wanda shi ne zaren da jiki ke ɗinke rauni da shi idan an yanke. Akwai kuma wani mai suna furotrombin, wanda shi ke ba da umarnin a fara ɗinkin. Wani enzayim da ke cikin dafin kububuwa yakan tayar da wannan mai ba da umarni ba gaira ba dalili, sai jiki ya shiga ɗinki ko'ina alhali babu rauni, har zaren ya ƙare ƙarƙaf. A daidai wannan lokaci wasu 'yan'uwansa suna can suna cin bangon ƙananan jijiyoyin jini. Ga ɓaraka ta ko'ina, ga shi babu zare. Daga nan sai a ga jini yana tsattsafowa daga dasashi, ko haɓo, ko fitsarin jini, ko tsohon miki ya buɗe. Idan zubar ta auka cikin ƙwaƙwalwa ko cikin ciki, to ana iya rasa mutum bayan kwana uku ko mako guda. Masana sun ƙiyasta cewa cikin mutum goma da dafin ya shiga jikinsu ba a yi musu allura ba, ɗaya zuwa biyu na rasuwa.

Wannan lissafi shi ne kuma ke bayyana wani abu da ke ruɗa jama'a. Tunda takwas ko tara cikin goma kan tashi ko ba magani, kuma wani saran ma maciji ba ya zuba dafi sam, duk abin da aka ba mutum ya sha ko aka ɗora masa sai ya yi suna. Baƙin dutsen da ake mannawa a bakin sara yana cikin irin waɗannan, domin an gwada shi an ga ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga jiki. Tsaga wurin da reza kuwa, ga mutumin da jininsa ya daina daskarewa, buɗe wa ajali ƙofa ne.

Tun a shekarun 1970 wani likita ɗan Ingila, David Warrell, da abokan aikinsa a Zariya suka bayyana wani gwaji mai sauƙi da har yau ake amfani da shi a duniya. A ɗebi jinin majinyaci kaɗan a zuba a cikin 'yar kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, a ajiye ta ba a taɓa ba har minti 20, sannan a karkata ta. Idan jinin ya daskare, da sauƙi, sai a ci gaba da lura ana maimaita gwajin. Idan ya kwaranyo kamar ruwa, dafin ya yi aiki, a gaggauta allura. Sharaɗin shi ne kwalbar ta kasance ta gilashi, ba ta roba ba.

To, shi makarin ta yaya ake yin sa? Hanyar ba ta canja sosai ba tun daga shekarun 1890 da wani Bafaranshe, Albert Calmette, ya fara. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan, har jikin dabbar ya ƙera furotin na garkuwa masu kama dafin su ɗaure shi. Sai a ɗebi jinin dabbar a tace waɗannan furotin a zuba a kwalba. Matsalar ita ce kowannensu tamkar mabuɗi ne da aka yanka don kwaɗo guda. Makarin da ake yi domin amfanin Indiya, da dafin manyan macizanta huɗu ake yin sa. Ɗaya daga cikin huɗun nan ɗan'uwan kububuwa ne, har sunansu na farko na kimiyya ɗaya ne, wato Echis. Mai saye zai ga wannan suna a jikin kwali ya natsu, alhali furotin ɗin dafin biyun sun sha bamban yadda mabuɗin ba ya juyawa sosai. Irin abin da ya faru a Yeji ke nan.

A yi adalci a nan. Ba ƙasar da aka yi maganin ce abin dubawa ba, domin akwai kamfanin Indiya da ke yin makari da dafin macizan Afirka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba shi ta amince. Abin dubawa shi ne, da dafin wane maciji, na wace nahiya, aka yi wa dabbar allura.

Abin da ya biyo baya kuwa duk ɗan kasuwa ya san irinsa. Kaya mai arha ya cika kasuwa, masu sayen magani na gwamnatoci suka koma kansa, mai kyau ya yi kwantai. Kamfanin Sanofi Pasteur ya daina yin Fav-Afrique, wato makarin nan na Faransa, a shekarar 2014, kwalaben ƙarshe kuma wa'adinsu ya ƙare a watan Yunin 2016. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Ƙiyasinta shi ne mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa duk shekara a duniya.

Nijeriya ta ɗan yi yunƙuri tun kafin nan. An kwashi macizan ƙasar aka kai Liverpool ta Ingila aka tatsi dafinsu, aka yi makari iri biyu: EchiTAb-G daga jinin tumaki a Birtaniya, na kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus daga jinin dawaki a ƙasar Kosta Rika, wanda ya haɗa da kasa da kumurci mai tofi. An gwada su kan majinyata 400 a Kaltungo ta Jihar Gombe, a wani bincike da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano ke cikin masu gudanarwa, aka buga sakamakon a 2010. Cikin awa shida da allurar farko, jinin kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka ba EchiTAb-Plus ya koma daskarewa, na ɗaya maganin kuma kusan kashi 76.

Ko mai kyau ne ma, makari furotin ne, furotin kuma ba ya shiri da zafi. Dubi yadda farin ƙwai ke zama idan ya ji wuta, ba ya komawa yadda yake. Mai ruwa-ruwa sai an ajiye shi a sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta wuni a bayan mota a zafin Maris tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko ta yi makonni a kan kanta a Illela ko Mubi, babu mai iya lamunce ta, ko da kwanan watan jikinta bai wuce ba. Na gari ya fi jurewa. Bugu da ƙari, tunda daga jinin dabba aka samo shi, jikin wasu kan yi masa bore nan take har numfashi ya sarƙe, shi ya sa ba a yin allurar sai inda akwai ma'aikacin lafiya da allurar adirenalin a kusa. Ba kayan kemis ɗin bakin tasha ba ne.

Waɗannan matsaloli ne suka sa masu bincike suka koma kan enzayim ɗin kansa. Tunaninsu shi ne, maimakon a yanka wa kowane kwaɗo mabuɗinsa, me zai hana a ɗaure wa dillalin hannu? Manyan enzayim na dafin kububuwa ba sa aiki sai da ƙwayar sinadarin tutiya a tsakiyarsu. Akwai kuma wani tsohon magani, unithiol, da ake ba waɗanda gubar ƙarfe ta shiga jikinsu, ɗan'uwan wanda aka yi wa yaran Zamfara magani da shi lokacin gubar dalma ta 2010. Aikinsa kama ƙarfe ne. A shekarar 2020 masana a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka nuna cewa idan aka ɗura wa ɓeraye shi ta baki jim kaɗan bayan dafin kububuwa, yana kare su. Daga baya an gwada shi kan mutane masu lafiya a Kilifi ta Kenya don a ga ko jiki zai ɗauka, aka ga ya ɗauka. Wani kuma, varespladib, an ƙera shi ne don wasu cututtukan, ciki har da na zuciya, bai yi nasara ba, sai a 2016 aka gano yana toshe wani enzayim da ke cikin dafin macizai da yawa. An gwada shi kan waɗanda maciji ya sara a Indiya da Amurka. Sakamakon da aka buga a 2024 bai kai inda aka so ba, ko da yake an ga alamar amfani ga waɗanda suka sha shi cikin awa biyar na farko. A 2025 kuma ayarin David Baker, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024, ya yi amfani da kwamfuta wajen ƙera sabbin furotin da suka kare ɓeraye daga wani nau'in gubar dangin kumurci.

Dafin ma ya taɓa biyan diyya. Maganin hawan jini captopril, da aka amince da shi a Amurka a 1981, asalinsa daga binciken dafin wani macijin Brazil ne, kuma aikinsa toshe wani enzayim ne da ke matse jijiyoyin jini. Dattijon da ke shan lisinopril a rumfarsa, jikan wannan binciken yake sha.

Amma dai a sani, babu ko ɗaya daga cikin ƙwayoyin can da aka amince a sayar a matsayin maganin sara. Duk wanda ya kawo maka ƙwaya ko garin kashe dafi a Maigatari ko Birnin Ƙonni ya ce sabon binciken Turawa ne, ba shi ba ne. Wanda kuma aka aika sayen makari, ya buɗe takardar cikin kwalin ya nemi sunan Echis ocellatus, ya duba lambar rajistar hukumar magunguna ta ƙasar da yake, ya tambayi inda aka ajiye kwalbar.

Shi kuwa wanda aka sara, a cire masa zobe da agogo da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo. Kada a ɗaure ƙafar tamau da igiya ko robar taya, hakan na iya jawo a yanke ta. A sa mata karan tsage kamar na karaya don kada ta motsa, kada a ba shi asfirin, kada a bar shi ya taka. Idan babur ne kaɗai abin hawa, a sa shi a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya har asibiti, ko da yana cewa shi lafiyarsa ƙalau.