Ko Kun Sani? Ƙulli Kan Raunana Zaren Fatsa

A zaren fatsa, wurin da aka ƙulla shi ne ya fi saurin tsinkewa, kuma mummunan ƙulli kan cinye kusan rabin ƙarfin zaren. Shi ya sa da yawa daga masu kamun kifin kaf a tafkunan Ingila, kifin da kan iya haura kilo 20, suka koma matse zaren da ƙarfe. Sukan zura bakinsa cikin wani ɗan bututu mai rami biyu, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, su lanƙwaso shi ya dawo ta ɗaya ramin, sannan su danne da filaya ta musamman. Cikin bututun zaren na kwance sambal, alhali a ƙulli murɗewa yake yi yana cin kansa, har gogayyar ja ta ɗumama shi. Dalilin da ya sa gwanaye ke jiƙa ƙulli da yawu kafin su tsuke shi ke nan. Matsewar ta fi amfani ga zare mai kauri da tauri, irin wanda ake gasawa da tururi don ya lanƙwashe, domin ƙullinsa kan fito kirtif, tsawonsa kuma ya kauce wa awo. Amma aikin na son natsuwa: a danne da yawa ƙarfen ya yanke zaren, a sassauta ya zame. Shi kuwa zaren saƙa mai laushi, zamewa yake yi daga bututun, sai dai a ƙulla shi.