Me Ya Sa Yaranmu Ke Rubuta "My Father He Went"?

Duk malamin da ya taɓa duba takardun ɗaliban sakandare a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san irin wannan jimla: "My father he went to the farm." Yakan ja jan biro a kan "he" ya wuce. Ɗalibin kuwa bai ga laifinsa ba, domin abin da ke kansa shi ne "Babana ya tafi gona", ya kuwa bai wa kowace kalma haƙƙinta. Ba daƙiƙanci ne ya jawo kuskuren ba. Nahawun Hausa ne ya bi yaron har cikin Turanci.

Suna shi ne kalmar da ke ambaton mutum, wuri, abu ko wata ma'ana, kamar Audu, Adabka, gero, gaskiya. Wakilin suna kuwa shi ke tsayawa a madadinsa don kada a yi ta maimaici. Har nan harsunan biyu bakinsu ɗaya, sun kuma yi tarayya a jerin jimla: mai aiki a farko, aikatau a tsakiya, wanda aikin ya faɗa wa a ƙarshe. "Audu bought millet" da "Audu ya sayi gero" tafiyarsu ɗaya. Wannan gata ne da Bahaushe ya samu a banza.

Inda aka rabu shi ne wannan 'yar kalma, "ya". A Hausa galibi aikatau ba ya fita sai da irin su "ya" ko "ta" ko "sun" a gabansa, ko da an riga an ambaci suna, domin ita ke ɗauke da jinsi da adadi da lokaci. Ko da Bazamfare ya ce "Audu shina zuwa" a inda Bakano zai ce "yana zuwa", dokar ba ta sake ba. A Turanci kuwa kujerar mai aiki ɗaya ce tak. In suna ya zauna, wakilinsa ya koma gefe. In wakilin ya zauna, suna ba shi da wuri. Ko dai "My father went", ko "He went". Lokacin aikin ma a jikin aikatau yake, shi ya sa "go" ta koma "went".

Sai batun jinsi. A wurinmu kowane suna tilo namiji ne ko mace: mota ta lalace, kogi ya cika. Turancin shekara dubu da suka wuce ma haka yake, amma ya yar da wannan tsari tuntuni. Yau "he" da "she" na mutane ne da dabbar da aka san jinsinta, sauran abubuwa duk "it". Saboda haka mai ba da labarin ambaliyar kogin Zamfara a Gummi zai ce "it overflowed", kada ya kira kogin "he". Wannan "it" tana da wani aikin ma: cike gurbi inda babu mai aiki. Mu sai mu ce "ana ruwa" mu huta, Bature kuwa dole ya ce "It is raining", ko da ba zai iya nuna maka wane ne "it" ɗin ba.

A wani wurin mun fi su wadata. Muna da kai, ke da ku, har mukan ce wa dattijo "ku" don girmamawa. Su "you" ce kawai, ga yaro, ga sarki, ga taron jama'a, tun da "thou" ta fita daga maganar yau da kullum wajen ƙarni na 17. Sai dai wakilin sunansu yana sauya kama bisa aikinsa: "I, he, she, we, they" ga mai aiki, "me, him, her, us, them" ga wanda aka yi wa. Bayan kalmomi irin su "to", "for" da "between" ma rukuni na biyu ake sawa. "Between you and me" ne daidai, duk da cewa za ka ji manya masu digiri suna cewa "you and I" don a zatonsu ya fi ƙawa.

Jam'in Turanci bai kamata ya firgita wanda ya iya mayar da gida gidaje, jirgi jirage, ɗan'uwa 'yan'uwa ba. Galibi "s" ake ƙarawa, sai 'yan tsirarun da suka bauɗe, kamar "men" da "children". Tarkon yana ga sunayen da Turanci ba ya ƙirgawa sam. Mu muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, sai ɗalibi ya rubuta "advices", "informations", "equipments". Dukansu kuskure ne, masu gyaran WAEC da NECO kuma ba sa yafe su, alhali sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a. In shawara ɗaya ake nufi, "a piece of advice" ake cewa, in da yawa ce, "some advice".