Husufin Rana: Asalin Kalmar da Ma'anarsa ga Masu Hisabi da Malaman Fiƙihu

Nufin wannan takarda shi ne a rarrabe abu uku da su kan cuɗe a bakin mutane in rana ta yi husufi, watau abin da kalmar ta ke nufi, da abin da masu duban taurari su ke karantawa a ciki, da kuma abin da shari'a ta ce a yi. Malamin makaranta ya kan sha tambaya a kan wannan, kuma amsar da ya bai wa yara ita za su kai gida.

Mu fara da kalmar. A Larabci akwai kalmomi biyu, kusuf da khusuf. Galibin malamai su kan keɓe ta fari ga rana, ta biyu ga wata. Da Hausa ta aro su, sai kh ta koma h, kamar yadda ta yi a Alhamis da halifa da hatimi, aka kuma ƙara wasali a ƙarshe, aka sami husufi da kusufi. Amma ba a riƙe bambancin da ke tsakaninsu ba, gama a kan ce husufin rana, a kan kuma ce husufin wata. Ban da waɗannan, akwai maganar gida: wata ya yi zazzaɓi, ko rana ta kama wata. A nan an ɗauki wata kamar mai rai, wanda ya yi ɓatan kai ya bi hanyar rana har ta cafke shi. Shi ya sa yara kan fita da gwangwani da ƙwarya suna kiɗa, suna roƙo a sake shi.

Shi husufin rana yana faruwa ne sa'ad da wata ya gitta tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta faɗo a kan wani yanki na ƙasa. Rana ta fi wata faɗi kamar sau 400, amma ta fi shi nisa da mu kamar sau 400, don haka a ido girmansu ya kusa zama ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa sai a ƙarshen wata. Dalilin da ya sa ba a ganinsa kowane wata kuwa shi ne hanyar wata ta karkace daga ta rana da kamar digiri 5, ba su haɗuwa sai a mahaɗa biyu.

Mahaɗan nan biyu su ne tushen fassarar masu ilmin taurari. A littattafan Larabci ana kiransu Kai da Wutsiya, watau na wani ƙaton maciji da aka ƙaddara a sama. Mai hisabi ya kan duba a wane burji daga cikin 12 husufin ya faɗo, da wane masauki daga cikin masaukan wata 28, sa'an nan ya yanke cewa za a yi fari, ko yaƙi, ko mutuwar babban mutum. Tun da shi ke rana a wurinsu alamar sarauta ce, dushewarta sarki ta ke nunawa. Wannan tunani ya daɗe ƙwarai. A Assuriya, zamanin Sarki Esarhaddon, a ƙarni na 7 kafin Annabi Isa, in aka yi husufin da aka fassara da mutuwar sarki, a kan naɗa wani talaka ya zauna a gadon, don masifar ta faɗa masa. Ilmin taurari ya shigo ƙasar Hausa tare da littattafan Larabci, har Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa al-Durr al-Manzum a kan ɗalasimai da taurari.

Malaman fiƙihu ba su yarda da wannan fassara ba, kuma hujjarsu a fili ta ke. Ran da Ibrahim ɗan Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya rasu a Madina, rana ta yi husufi. Masu lissafi sun daidaita wannan da 27 ga Janairu, 632, shekara ta 10 bayan Hijira. Mutane suka ce saboda rasuwar ne, sai Annabi ya gaya musu rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya umurce su da salla da addu'a da sadaka. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sallar husufin rana sunna ce. Ana yin ta cikin jam'i, ba kiran salla ba iƙama, raka'a biyu, kowace da ruku'u biyu, da doguwar ƙira'a a asirce. Ta husufin wata kuwa kowa shi kaɗai ya ke yi, kamar sauran nafila. Ashe ma'anar husufi a shari'a tunatarwa ce ga kowa, ba labarin gaibu a kan wani ba.

Sai mu lura, akwai hisabin da ya ke daidai. Mutanen Babila sun gano cewa husufi ya kan komo bayan shekara 18 da kwana 11 da kamar awa 8. Wanda ya ratsa arewacin Nijar da Chadi ran 30 ga Yuni, 1973, ɗan'uwansa ya bayyana a Meksiko ran 11 ga Yuli, 1991, sa'an nan a Indiya da Sin ran 22 ga Yuli, 2009. Lissafi ya nuna mai bi musu zai duhunta Makka da Jidda ran 2 ga Agusta, 2027. Sanin ranar husufi ilmi ne na ƙidaya, amma ɗora masa mutuwar sarki zato ne.

Rikita biyun nan yana da haɗari. A Janairu, 2001, da wata ya yi husufi, wasu samari a Maiduguri suka ƙone otal-otal da mashaya, suna cewa zunubin masu su ne sanadi. Husufin da ya mai da hantsi kamar magariba a Gusau da Katsina ran 29 ga Maris, 2006, ya dace da Larabar ƙarshen Safar, ranar da wasu ke tsoro tun asali, alhali an san lokacinsa shekaru da yawa kafin ya zo.

Saboda haka abin da ya kamata malami ya koya wa almajiransa shi ne sanadin husufi, da sallarsa, da kuma cewa kada su dubi rana da ido, ko cikin ruwan ƙwarya, gama haskenta ya kan ƙone ganin mutum ba tare da ya ji zafi ba.