Sarƙar Taya da Motar Haya a Tsaunukan Faransa

Gabatarwa

Duk shekara idan hunturu ya kama a ƙasashen Turai, jama'a da yawa kan sauka a filin jirgin sama na Jiniba ko na Liyon, su ɗauki motar haya su nufi tsaunukan Alfs domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Tambayar da ke damun baƙo a nan ita ce, shin wannan mota tana bukatar sarƙa a tayoyinta ko kuwa a'a? Makasudin wannan ɗan rubutu shi ne a nuna cewa amsar ta rataya ne a kan hanyar da za a bi, da lokacin tafiya, da kuma irin tayar da ke jikin motar. Za a ɗauki ƙasar Faransa a matsayin misali.

Amfanin Sarƙa

Robar tayar bazara takan ƙanƙame ta yi tauri idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, watau sai riƙonta ga kwalta ya ragu. Ita kuwa tayar hunturu an yi ta da roba mai laushi da tsaga-tsaga masu yawa, don haka tana cizon hanya ko da an yi sanyi. Amma idan ƙanƙara ta daskare a kan hawa mai tsini, har tayar hunturun takan yi ta juyawa a wuri guda, kamar yadda mota kan yi idan ta kafe a laka da damina. A nan ne sarƙa take da rana, domin ƙarfenta yana nutsewa cikin ƙanƙarar ya ba taya abin dafawa. Wani Ba'amurke mai suna Harry Weed shi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1904.

Ana ɗaura sarƙa ne a tayoyin da inji ke juyawa. Yawancin ƙananan motocin haya na Turai da tayoyin gaba suke ja, saboda haka a gaba ake sa ta. Wanda ya ɗaura ta a baya bisa kuskure ya yi aikin baban giwa. Bugu da ƙari, ba a wuce gudun kilomita 50 a awa da sarƙa, kuma da zarar an fito busasshiyar kwalta sai a kwance ta, don kada ta tsinke ta ɓata taya ko igiyar birki.

Abin da Doka ta Ce

Dokar da ake magana a kai ta fara aiki ran 1 ga Nuwamba 2021. Ta tanadi cewa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris na kowace shekara, duk motar da ta shiga garuruwan tsauni da hukuma ta ƙayyade, dole ta kasance da ɗayan abu biyu: ko dai tayoyin hunturu huɗu, ko kuwa sarƙa ta tayoyi biyu a ajiye cikin but. Ana karɓar safar taya, watau wani ƙyalle mai kauri da ake sa wa taya, a madadin sarƙa. Daga Nuwamba 2024 kuwa, tayar da ke ɗauke da alamar tsauni mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki ita kaɗai ake lissafawa a matsayin ta hunturu.

Ban da wannan, akwai wani allo mai da'ira, shuɗi, da hoton taya sanye da sarƙa. Inda duk aka kafa shi kuma hanya ta rufe da ƙanƙara, ajiye sarƙa a but bai wadatar ba, sai an ɗaura ta, amma ana karɓar tayoyin hunturu a madadinta, in ba an rubuta a ƙasan allon cewa dole sai sarƙa ba.

Hanya ma tana da nata hukunci. Alal misali, garin Chamonix, inda aka yi wasannin Olamfik na hunturu na farko a 1924, yana bisa tsawon mita 1,035 ne, kuma babbar hanya ce da ake sharewa take kai mutum can. Amma Val Thorens yana mita 2,300, kuma sai an yi ta hawa ana shan kwana kafin a isa. Ran 27 ga Disamba 2014 motoci wajen 15,000 suka maƙale a lardin Savoie sakamakon dusar ƙanƙara, har mutane da dama suka kwana a ɗakunan wasanni da makarantu. Motar da ba ta da shiri idan ta kafe, ita ce kan tare duk na bayanta.

Nauyin da ke Kan Mai Haya

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne zaton cewa kamfanin haya ya riga ya shirya kome. Sau da yawa sarƙa da tayar hunturu ƙari ne da ake biya daban, kuma sukan ƙare a makon hutun makarantu. Idan jami'an tsaro suka tsai da mota a gindin tsauni, direban da ke riƙe da sitiyari shi za su mai da baya. Don haka ya kamata mutum ya nemi kayan tun lokacin da yake kama motar, ya duba alamar da ke gefen taya da idonsa, ya tabbata girman sarƙar ya dace da lambar tayar. Daɗin daɗawa, ya gwada ɗaura ta sau ɗaya a filin ajiye motoci da rana, domin koyon wannan aiki da daddare a bakin kwazazzabo, yatsu sun sandare, wahala ce babba.

Kammalawa

A taƙaice, wanda zai tsaya a garuruwan kwari da tayoyin hunturu huɗu ya cika sharaɗin doka, kuma mai yiwuwa ya je ya dawo bai taɓa sarƙa ba. Wanda kuwa zai hau can ƙololuwa, ko motarsa tana da tayar bazara, to lalle ya riƙe ta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin hayar sarƙa bai kai na janwe ba.