Ɗinka Rigar Biki da Samfurin PDF: Kuskuren Firinta da ke Cinye Yadi

Yawancin teloli a ƙasar Hausa ba sa buƙatar takarda. Su auna mutum da tef, su zana da alli a kan yadi, su sa almakashi. Wannan ido ne da ake samu bayan shekaru a kan keke. Wadda ta sayi keken ɗinki kwanan nan, kuma take son ɗinka rigar biki da hannunta, ba ta kai nan ba tukuna. Abin da ke taimaka mata shi ne samfurin ɗinki, wato takardar da aka zana kowane ɓangaren riga a kai da ainihin girmansa: gaba, baya, hannu, wuya. A yanka takardar, a ɗora a kan yadi, a bi gefenta da almakashi.

Dabarar ta daɗe. Tun 1863 wani tela a Amurka, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da irin wannan takarda mai girma daban-daban. Abin da ya canza shi ne yanzu samfurin yana zuwa a fayil ɗin PDF, a sauke shi a waya cikin minti ɗaya. Wasu na kuɗi ne, wasu kyauta. Akwai ma FreeSewing, manhajar kyauta da Joost De Cock ɗan ƙasar Beljiyam ya fara, wadda ke aiki a burauza: a shigar da awon jiki, ita kuma ta lissafa ta zana samfurin da ya dace da wannan jikin.

An zaɓi PDF ne saboda yana riƙe da awo na zahiri. Layin da aka zana santimita 10 yana nan a santimita 10 a cikin fayil ɗin, ko a wace na'ura aka buɗe shi. Hoto ba ya da wannan tabbacin. Saboda haka ɗaukar hoton fuskar waya a kai a buga ɓata takarda ne kawai. In za a tura wa mai shagon kwamfuta ta WhatsApp, a tura fayil ɗin kansa.

Wurin bugawa ne ake yin asara. Manhajojin buga takarda suna yawan rage shafi kaɗan don ya shiga takarda, zaɓin da ke fitowa da sunan "Fit" ko "Fit to page". Ga wasiƙa ko takardar makaranta babu wanda zai lura. Ga samfurin ɗinki kuwa ɓarna ce. Takardar A4 da ake amfani da ita a Najeriya da Nijar faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Ta Amurka, mai suna Letter, faɗinta 216, tsawonta 279. Idan aka matse shafin Letter ya shiga A4, komai zai ragu zuwa kusan kashi 97 cikin 100, ko ƙasa da haka in firintar ta bar gefe. Ƙirjin da ya kamata ya zama santimita 100 ya koma 97. A jadawalin kamfanin Burda na Jamus, tazarar lamba 38 da lamba 40 a ƙirji santimita 4 ce kacal. Ke nan an kusa sauka lamba guda ba tare da an sani ba, kuma ba za a gane ba sai zif ya ƙi rufuwa, bayan an riga an yanka leshi.

Maganin ba shi da wuya. A zaɓi "Actual size" ko a rubuta 100 a gurbin girma. Sannan kada a buga duka shafukan a karon farko. Kusan kowane samfuri yana da ɗan murabba'in gwaji, sau da yawa santimita 10 ko inci 4 kowane gefe (inci 4 santimita 10.16 ne, kada a haɗa su). A buga wannan shafin shi kaɗai, a ɗora rula a kai. In ya yi daidai, a buga sauran. Mai shago zai iya cewa ai bambancin ba shi da yawa. Ba shi ya sayi yadin ba.

Bayan haka sai haɗa shafuka da salatif bisa lambobin da ke gefensu, aikin da ke cin lokaci don doguwar riga tana iya kai shafi talatin ko fiye. Inda ake da shagon da ke buga zanen gine-gine, a nemi fayil ɗin A0, takarda mai milimita 841 da 1189, a huta da manne-manne.

Lambar da ke jikin samfuri ba ta da alaƙa da lambar rigar kanti. A auna ƙirji da ƙugu da kwatangwalo, a duba jadawalin samfurin. A kuma karanta ko an saka rarar bakin ɗinki a zanen. Manyan kamfanonin Amurka sukan saka ta, kusan santimita 1.5, amma samfuran mujallar Burda sai mai yanka ta ƙara da kanta. Wadda ta manta ta ƙara, rigarta za ta matse a kowane ɗinki.

Sai maganar yadi. Samfura sukan faɗi yawan yadin da ake buƙata bisa faɗi biyu, santimita 115 da 150. Atamfa ba ta cika wuce 120 ba, don haka lissafin 115 ne nata, kuma in tana da manyan furanni da ake son su haɗu a ɗinki, za ta ci fiye da abin da aka rubuta. Kibiyar da ke kan kowane ɓangaren takarda tana nuna yadda zai kwanta, a jere da bakin yadi. In aka karkata ta don a yi tsimi, rigar za ta murɗe a jiki.

Kafin a taɓa yadin biki, a ɗinka saman rigar da akoko ko tsohon zanen gado, a saka, a zauna, a ɗaga hannu. Duk gyaran da aka gani a mayar da shi kan takardar da biro, sannan a shimfiɗa leshin.